Zagin Ƙarfe Huɗu

Litinin, biyar da rabi na yamma

Jini: 158.

Likita ce ta ba ni wannan littafi, ta ce kullum in rubuta abin da na'urar awon jini ta nuna. Lamba ɗaya a rana, sauran takardar ta tashi a banza? Zan cike ta. Ban taɓa zama a aji ba, a bayan manyan motoci na koyi baƙaƙe, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya kau da kai. Da ke nake, uwargida Nasib Kaur. Na san kina buɗewa in na fita duba ɓaunar da muke kiwo.

Yau an yi mini abin da ba a taɓa yi mini ba. Ƙarfe huɗu na buɗe karta a waya kamar kullum. Irin wadda ake kira foka, teburinmu na kullum, na tsabar wasa, ba na kuɗi ba. Bakhtawar yana kujerarsa. Na danna wurin magana, na gaishe shi yadda na saba, wayar ta rubuta, na aika. Sai ga taurari a jere maimakon maganata. Na sake. Taurari. Can sai wani jan rubutu ya fito a sama, wai daga yau masu kamfanin wasan sun sa rariya mai tace magana, ba a zagi a teburi.

Wa ya zagi wa? Gaisawa muke yi.

Shekara goma sha ɗaya Bakhtawar yana karen motata kafin ya sami tasa. Ludhiana zuwa Kalkata, Kalkata zuwa Ludhiana. A doguwar hanya ba ɓarayi ne abin tsoro ba, barci ne, musamman bayan an ci gurasa da miyar wake da rana, kwalta tana ƙyalli a ido. Ƙa'idar ita ce karen mota ya zagi direba, direba ya rama. In ya rama, a farke yake. In aka zage shi sau uku bai tanka ba, ka kama sitiyari. Haka ogana ya koya mini, haka na koya wa Bakhtawar. Sau biyu ya kama mini sitiyari, ɗaya a kan gada. Da yaro mai ladabi ne, da yanzu an manta ranar da aka ƙone gawata.

Waɗanda suka sa rariyar nan ba su taɓa tuƙa ko keke ba.

Talata, biyar na yamma

Jini: 161.

Na gwada jaki, ya wuce. Na gwada tsohon biri, ya wuce. Amma duk mai gishiri, wanda ya taɓa uwa ko ƙanwa, taurari. Jaki ai yara ake ce wa. Bakhtawar ya aiko mini layi biyu cif na taurari, na zauna ina tunanin wanne ne a ciki. Ya cinye ni da burga, ba shi da komai a hannu sai tarkace. Haka yake wasa, kamar mota babu birki.

Nasib tana tsince shinkafa ta ce, "Baban Jagtar, ka kira shi mana. Lambarsa tana wayarka. Ku zazzagi juna da baki ku huta, mu ma mu huta."

Na ce, "Na rantse."

Ta ce, "Rantsuwar tsofaffin banza."

Ba ta banza ba ce. Bangon gidansa da nawa ɗaya ne, tare muka gina. Da matarsa ta rasu, ya sayar da gidan ya koma wurin 'yarsa Harsharan a Bhopal, bai gaya mini ba. A bakin mai aski na ji. Mai aski. Kuma wa ya sayar wa? Mai kiwon kaji. Shekara bakwai ke nan ina karya kumallo da warin kashin kaji. Ranar da motar kayansa ta tashi na tsaya a ƙofar gurdwara, gidan ibadarmu, gaban mutane, na ce ba zan kira shi ba, ba zan taka ƙofarsa ba, sai ya zo ya ba ni haƙuri. Bai zo ba.

Shekara huɗu ba mu ji juna ba. Sai Harsharan ta zo biki ƙauyen nan, ta karɓi wayata wai za ta gyara mini agogo, ta sa kartar. Washegari ƙarfe huɗu ina buɗewa na ga sunansa, da zagi guda yana jirana. Na rama. Karta ba kira ba ce, ba ƙofa ba ce. Rantsuwata tana nan.

Alhamis, biyar na yamma

Jini: 160. Yau jaki ma ya zama taurari. Akwai wanda yake zaune yana saurarenmu, aikinsa ke nan, ana ba shi abinci a kai.

Asabar, shida na yamma

Jini: 155.

Akwai wata a teburinmu, Malama Kanta, tsohuwar malamar makaranta daga Ambala. Ni ban san mace ce ba. Shekara biyu tana zama da mu da sunan namiji, ba ta cewa uffan, tana dai cinye mu. Wannan makon ta canja suna ta sa nata.

Ina ta kumfar baki a kan rariya sai ta rubuto, "Dattijo, ka bar ni in ce wani abu?"

Na ce ta ce.

Ta ce, "Da na fara wasan nan da sunana na shiga. Kwana uku na yi. Abin da baƙi suka riƙa rubuto mini, in na cinye su, ko mijina marigayi bai taɓa jin irinsa ba. Na goge wasan na yi wata guda. Da kaɗaici ya ishe ni na dawo da sunan ƙanena. Yau shekara biyu ina ɓoye kamar ɓarauniya. Taurarin nan da kake tsinewa, su suka dawo mini da sunana."

Na ce namu daban ne, namu na gida ne.

Ta ce, "Na sani. Ina karanta naku ina dariya ni kaɗai. Amma rariya ba ta san na gida ba."

Bakhtawar ya rubuto, "Malama, ki yi haƙuri da ogana, tun yana saurayi kansa kabewa ne." Wannan ya wuce. Kabewa ba laifi ba ce a wurinsu.

Ban ce tana da gaskiya ba. Amma da 'yata ce aka rubuta wa haka, da na nemi gidan mutum.

Litinin, huɗu da rabi na yamma

Jini: 157. Bai zo ba.

Talata, huɗu da rabi na yamma

Jini: 164. Bai zo ba. Shekara uku bai taɓa fashi ba, ko ranar da aka cire masa haƙori ya zo. Rariyar ce ta kore shi. Mutum ya zo teburi a ɗaure masa baki, me zai zo yi?

Kajin nan yau sun fi kullum wari.

Laraba, biyar na yamma

Jini: 166.

An kira Nasib da rana. Ta ɗauki wayar ta shiga ɗakin hatsi ta ja ƙofa. Wa yake amsa waya a ɗakin hatsi? Ta daɗe. Da ta fito ta tsaya a kaina, ta ce, "Daga Bhopal ne."

Na ce ɓauna ba ta sha ruwa ba. Na fita.

Ban tambaya ba.

Juma'a, biyar da kwata na yamma

Jini: 170.

Ya dawo kujerarsa. Na aika masa nawa, taurari suka fita. Aka daɗe. Sai ga amsa: "Barka da yamma. Da fatan kana lafiya."

Da fatan ina lafiya. Bakhtawar Singh, wanda ya taɓa zagin ɗan sanda har ɗan sandan ya nemi ya maimaita don ya haddace. Na gane abin da suka yi. Sun ƙara wa rariyar ƙarfi, yanzu ba taurari take sawa ba, juya maganar take ta zama gaisuwar ma'aikatan banki. Na gaya wa Nasib haka. Ta dube ni, ta ci gaba da murza gurasa.

Na danna wurin magana na gaya wa masu kamfanin wasan abin da nake gani game da su, da iyayensu, da wanda ya koya musu sana'a. Jan rubutu ya fito sau uku. A na ukun aka ce an rufe mini baki kwana bakwai. Zan iya wasa, zan iya karanta na wasu, ba zan iya rubutu ba.

Shekarata saba'in da shida. Ubana ma bai rufe mini baki ba.

Asabar, biyar na yamma

Jini: 168.

Wasansa ya lalace. Duk sanda na ƙara, sai ya zubar da karta. Bakhtawar ba ya zubar da karta, ko wuta ce a hannunsa. Kuma yana daɗewa kafin ya danna, har lokaci ya kusa ƙarewa. Na cinye shi sau shida. Babu daɗi.

Lahadi, biyar na yamma

Jini: 165. Sau biyar. "Sannu da wasa," in ji shi.

Litinin, shida na safe

Ban auna ba tukuna. Na yi mafarki muna kan gadar nan, ina ta zagi, kujerar hagu, ta karen mota, ba a amsawa. A mafarkin ni ne direba, to me ya sa ni nake zagin? Shirmen mafarki. Nasib ta cika barkono a miyar jiya.

Talata, bakwai na yamma

Jini: 174. Na sake aunawa, 172.

Malamar makaranta ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ana cikin wasa ta rubuta, "Mai kujera ta uku, ka gafarce ni. Shekara biyu ina wasa da Bakhtawar Singh, wannan ba hannunsa ba ne. Wane ne?"

Aka daɗe. Lokacin kujerar ya ƙare, karta ta zube da kanta.

Sai aka rubuto, "'Yarsa ce, Harsharan. Baba yana kwance. Shanyewar jiki ce, gefen dama, da baki. An sallamo mu daga asibiti ranar Alhamis. Ƙarfe huɗu na yi sai ya kama nuna wayar da hannun hagu, ba ya natsuwa sai na buɗe na riƙe masa. Ni ban iya wasan ba. Baffa Nachhattar, in kana gani, ka yi haƙuri, ban san me zan rubuta maka ba."

Ina gani. Bakina a rufe.

Na danna wurin magana ya fi sau goma. Jan rubutu: saura kwana uku.

Malama Kanta ta rubuta, "Yana gani, 'yata. An rufe masa baki ne, halinsa ya ja masa." Daga nan ta koya mata abin da ya fi wani a karta, a hankali, kamar a aji.

Gobe zan kai ɓauna a duba mata kofato.

Laraba, biyar na yamma

Jini: 171. Kofato lafiya lau. Na zubar da sarki biyu don kujera ta uku ta ci. Ba wanda ya sani.

Alhamis, biyar na yamma

Jini: 169.

Nasib ta ajiye mini shayi ta ce, "Tun ranar Laraba waccan na so gaya maka, ka tafi ba ɓauna ruwan da ta riga ta sha."

Na ce shayin ya yi sanyi.

Ta ce, "Likitansa ya ce maganar za ta iya dawowa, za ta iya ƙin dawowa. Ya ce a riƙa yi masa maganar da ya saba ji. Yarinyar tana karanta masa addu'o'i safe da yamma."

Na ce, "Addu'a? Yaushe Bakhtawar ya saba jin addu'a?"

Ta ce, "To."

Ta ɗauki shayin ta tafi ɗumamawa. Shekara hamsin da ɗaya ina zaune da wannan "to".

Juma'a, shida na yamma

Jini: 173.

An buɗe mini baki. Tun uku da rabi nake zaune da waya. Ƙarfe huɗu kujerarsa ta cika. Na aika masa wanda ya fi so, wanda ya yi mini a kan gada. Taurari. Na aika na biyu. Taurari.

Harsharan ta rubuto, "Baffa, na nuna masa. Ya daɗe yana kallon taurarin. Yana motsa baki amma ba abin da ke fita. Ka gaya mini abin da ke ciki in faɗa masa a kunne."



Yarinyar nan a wuyana na ɗauke ta zuwa kallon kokawa. Ni na sayo mata jakar makaranta ta farko daga Kalkata, ja, mai hoton zomo. In gaya mata abin da ke ciki? Ta sa shi a bakinta? Da rariyar nan ba ta nan, da mako guda tana karanta abin da nake aika wa ubanta, da idonta. Wannan karon na gode wa taurarin. Na rubuta a nan, ba zan faɗa da baki ba, kuma kada Malama Kanta ta ji.

Amma shi fa? Taurari ba sa tayar da direba.

Na rubuta mata, "Ki ce masa kabewa tana gaishe shi."

Ta ce ta faɗa. Ta ce ya rufe ido.

Sau biyu ke nan bai tanka ba.

Asabar, takwas na safe

Jini: 170.

Nasib ta ce in kira, yarinyar ta kara masa wayar a kunne. Na ce wayarsu tana da ƙara, kuma ita ce za ta riƙe. Kuma na rantse.

Na je gurdwara na zauna. Na fito na tsaya daidai inda na tsaya shekara bakwai da suka wuce. An sa sabon siminti a wurin. Rabin waɗanda suka ji rantsuwar sun mutu, mai askin ma ya mutu.

Da ya gaya mini da bakinsa zai sayar, da ni zan ɗaure masa kaya. Abin da ya ci mini rai ke nan. Na san ya kasa ne. Na san da ya shigo ya zauna a gadon igiyar nan ya buɗe baki, da ba zai iya tafiya ba. Na sani tun a lokacin. Sanin bai hana kaji wari ba.

Asabar, biyar na yamma

Ban buɗe karta ba yau.

Na tambayi Nasib, "Gidan nan na Bhopal, da sunan wa yake?"

Ta ce, "Na mijin Harsharan ne."

Na ce, "Ashe ba ƙofar Bakhtawar ba ce."

Ta ajiye tsintsiya. Ta ce, "Baban Jagtar, shekara bakwai ina gaya maka haka."

Ban taɓa ji ba. Ba ta ɗaga murya in tana magana.

Mai kaji zai kula da ɓauna. Na shiga gidan na roƙe shi da kaina. Karo na farko da na taka gidan tun da aka sayar. Bishiyar lemon da muka dasa tana nan.

Litinin, biyar na yamma, a jirgin ƙasa

Jini: Nasib ta tura na'urar can ƙasan jaka.

Ba na son jirgi. Mutum yana zaune kamar buhun albasa, wani da bai gani ba yana tuƙi. Wa yake zagin direban jirgi? Ta taga na ga hanyarmu ta dā, an faɗaɗa ta, rumfunan abinci da muka sani duk babu.

Ƙarfe huɗu na buɗe, na gaya wa Malama Kanta ta riƙe teburi kwana biyu. Ta ce, "Ka gaishe shi. Da irin gaisuwarku." Na ce ba ta san me take cewa ba. Ta ce, "Shekara talatin na koyar da yara maza, dattijo."

Talata, shida na yamma, Bhopal

Jini: 149. Harsharan ce ta auna da tasu.

Hawa na uku, babu lif. Harsharan ta taɓa ƙafata don girmamawa, ta yi kuka, na ce ta bari, ba makoki na zo ba.

Bakhtawar ya rame. An kwance masa rawani, gashin duk fari a kan matashi. Ban taɓa ganin kansa ba rawani da rana ba. Ya gan ni. Ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa.

Na ce wa Harsharan ta kai Nasib ta ga kasuwa. Ta ce Baffa ai yanzu kuka sauka. Nasib ta kama hannunta ta ce, "Zo mu tafi, 'yata, abin da za a yi a ɗakin nan ba na kunnenki ba ne." Na jira har na ji takunsu ya kai ƙasa.

An ajiye kujera a hagunsa. Na ɗauke ta na zagaya da ita dama. A ƙasarmu direba a dama yake zama.

Na dubi bango, kamar hanya ce. Na ce masa na farko, da ƙarfi, yadda ake yi in inji yana ruri.

Shiru. Fanka tana juyawa.

Na ce na biyu. Na sa kaji a ciki, da mai aski, da shekara bakwai, duk na zuba.

Shiru.

Na uku shi ne na kan gada. Muryata ta ɗan karye a tsakiya, ƙurar jirgi ce. Na gama na ƙirga a raina yadda muke ƙirgawa. Bai tanka ba. Ƙa'ida ƙa'ida ce, na miƙa hannu na kama nasa na dama, wanda ba ya motsi. Na riƙe.

Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji iska tana fita a gefen bakinsa. Na sunkuya. Ya gwada, ya kasa. Ya sake gwadawa, yawu ya zubo, na goge masa da gefen rawanina. A na ukun ta fito. Kalma ɗaya, a karkace, rabinta a maƙogwaro, amma na san ta. Shekara goma sha ɗaya ina jin ta daga kujerar hagu.

Da suka dawo Harsharan ta ga fuskata ta ce, "Ya yi magana? Baffa, me ya ce?" Na ce ya ce sannu da zuwa. Nasib ta juya baya tana gyara jaka, kafaɗunta suna rawa.

Likita za ta karanta littafin nan, Nasib ma za ta karanta, wataƙila yarinyar ma in na bar shi a kan teburi. Don haka ni ma na sa rariya. Ga abin da ya ce:

*

Bai ba ni haƙuri ba tukuna. A farke yake.